Famfon mai na cikin tanki a tsohuwar Hilux bayan canjin inji, ta ina zan fara?

Mai_Hilux86:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar mota. Dan Allah ina neman shawara, abin nan ya fara isata wallahi.

Ina da tsohuwar Hilux ta 1986, asalin injinta 22R ne mai kafireta, injin ya gaji yana hayaƙi yana shan baƙin mai, har na haƙura na sauke shi na ɗora 3RZ-FE mai injekta, 2.7, da birenbos ɗinsa (kwamfutar da ke sarrafa injin) da wayoyinsa duka. Aikin ɗora injin ya yi kyau ba laifi. Matsalar fetur ce. Shi tsohon injin famfonsa a jikin kan inji yake, kamshaf ke buga shi, to sabon babu ma wurin ɗaura irin wannan, sai muka sa famfon lantarki na waje a jikin shasi muka jona shi da tsohon bututun da ke fitowa ta saman tanki. Mota ta tashi bugu ɗaya, na yi ta murna. Murnar sati ɗaya ce.

Yanzu ga abin da take min. Famfon yana kuka kaman ƙudan zuma ya shiga kwalba, in na taɓa shi bayan tafiyar rabin awa ba na iya riƙewa don zafi. In mai ya sauka ƙasa da kwata kuma na sha kwana da ɗan gudu ko na kama tudu sai ta yi kaman an shaƙe ta, ta yi tari biyu uku sannan ta dawo hayyacinta, rannan a tsakiyar shataletale ta mutu min gaba ɗaya ga motoci a bayana ana ta hon. Wannan famfo na biyu kenan, na farkon ko wata biyu bai yi ba.

Wani ya ce min in daina wahalar da kaina in sa na cikin tanki kawai. To ni tankin nan ba a yi shi don haka ba. Huda shi zan yi? Wane famfo zan saya? Tsofaffin bututun za su ɗauka? Kuma gaskiya ni abin da ke damuna, ya za a yi a tsoma waya mai wuta cikin fetur a ce ba komai? Wanda ya taɓa yi ya taimaka. Na gode.

Baba Makanike:

Wa alaikumus salam. Yaro, famfunan nan biyu ba su yi maka laifi ba, kai ka kashe na farkon, na biyun ma yana hanya.

Famfon injekta gwani ne wajen turawa, rago ne wajen zuƙa. Kai kuma ka ɗaure shi a shasi ka ce ya zuƙo mai ta siririn bututu da sai ya hau saman tanki sannan ya gangaro. In yana ja da ƙarfi mai bai iso da sauri ba, fetur ɗin a bakin famfo sai ya fara kumfa yana zama tururi, wannan kukan da kake ji kenan. Kuma man da ke ratsa cikinsa shi ke sanyaya shi, shi ke zame masa giris, in kumfa yake haɗiya dole ya yi zafi ya cinye kansa. Na waje yana aiki, amma sai ya zauna ƙasa da gindin tanki, kusa da shi, mai na zubo masa da kansa.

Maganar tari a kwana kuwa ita ce zan so ka gane sosai, domin ko ka sa na cikin tanki in ba ka gyara wannan ba an gudu ba a tsira ba. Kafireta tana da ɗan kofi a jikinta mai fulot, kullum cike da mai. In ka sha kwana man tanki ya gudu gefe guda bututu ya zuƙi iska na daƙiƙa uku, injin bai ma sani ba, yana sha daga kofin. Shi ya sa masu ƙera tankin kafireta ba su damu ba, yawanci fanko ne kawai babu komai a ciki. Injekta ba ta da kofi. Abin da ke riƙe da ita furesha ce, wato ƙarfin matsin mai da ake aunawa da psi ko bar, kafireta kaman psi 4 zuwa 7 ta ishe ta, injinka kuwa wajen psi 40 yake so, kusan bar 3, ka ga ninki nawa kenan. Da zarar famfo ya shaƙi iska furesha ta faɗi nan take, nozul su fesa abin da bai kai ba, inji ya yi tari. Don haka tankin mota mai injekta akwai ɗan akwati a ƙasansa wanda famfo ke zaune a ciki, baful muke ce masa, yana da ƙananan ƙofofi da mai ke shiga a hankali amma ba ya samun fita da sauri, kuma man da ke dawowa daga inji cikin akwatin yake zuba. Ko mai ya gudu gefe, akwatin na riƙe da nasa.

Hanya mafi sauƙi gare ka, kuma ka ci sa'a da irin motarka: a tsakiyar shekarun 1980 Toyota ta yi wannan bodin da 22R-E mai injekta. Tankinta da baful ɗinsa ya zo, da marfin da famfo ke rataye a jiki, da wurin waya da wurin komawar mai, komai an gama maka. Ka nemo shi a wurin tsofaffin kaya. Amma ka je da awo, ka auna tsawo da faɗi da inda wuyan zuba mai yake, domin mai dogon shasi da mai gajere ba lallai tankinsu ya zo ɗaya ba. Ka haska tocila ciki ka duba tsatsa kafin ka ɗauka.

In ba ka samu ba, akwai kit da ake yi musamman don tsohon tanki, Aeromotive na da shi, Tanks Inc na da shi, ana huda saman tanki a zura famfo da abin riƙe mai gaba ɗaya a ɗaure da zobe, ba walda. Ka zaɓi wuri mai shafe a saman tankin, mafi zurfi, kuma inda hannun fulot ɗin geji ba zai riƙa dukan sa ba.

Bututun ƙarfe na asali in bai yi tsatsa ba kuma faɗinsa ya kai milimita 8 zai ɗauka. Guntayen tiyo na roba da ke tsakani su ne ba za su ɗauka ba, duk ka zubar. Sannan injinka yana da regileta mai daidaita furesha a kan rel, wato bututun da ke raba wa nozul mai, dole akwai layin da zai mayar da ragowar mai tanki. Ina kuka kai shi yanzu?

Ɗan Totur:

Oga kar ka tsaya dogon turanci, famfon Walbro 255 ka saya ka jefa ciki shikenan an wuce wurin. Ni shi na sa a tawa, injinta 1JZ ne mai tarbo, shekara biyu ko tari bata taɓa yi ba. Gara ya yi yawa da ya yi kaɗan ai, gobe in ka ce zaka ƙara ma injin ƙarfi ba sai ka sake sauke tanki ba. Kawai ka kula da jabu dan sun cika ko ina, kwalin iri ɗaya rubutun iri ɗaya amma wata uku ya mutu.

Injiniya_K:

Ɗan Totur, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Taka tarbo ce, tasa ba tarbo ba ce, kar ka ɗora masa kayan da ba nasa ba.

Mu yi lissafi. Injin fetur mara tarbo in an take totur har ƙasa yana shan kusan lita 0.3 a awa kan kowane ƙarfin doki ɗaya. 3RZ-FE doki 150 ne. Kenan lita 45 a awa, iyakarsa kenan ko da zai fashe. Ƙara masa rara saboda famfo na raguwa in ya tsufa ko wuta ta yi ƙasa, ka ce lita 60 zuwa 70. Famfon asali na Denso irin na injin ya wuce wannan nesa. Shi 255 ɗin nan ma'anarsa lita 255 a awa, ana sa shi a injin da ke neman doki 500.

To ina ragowar ke zuwa? Famfo bai san kana silo ko kana gudu ba, abin da zai tura shi zai tura. A silo injin da ƙyar yake shan lita ɗaya da wani abu a awa, sauran lita 250 dole su bi ta ƙaramar ƙofar regileta su koma tanki. In ƙofar ko layin komawar ya yi musu kaɗan sai furesha ta hau sama da yadda aka tsara, nozul su riƙa zuba fiye da kima, birenbos zai yi ta ƙoƙarin ragewa da abin da sensan iska na salansa ke gaya masa amma yana da iyaka, sai ka ga fulogi sun yi baƙi mota na warin ɗanyen mai kana ta zargin injin. Na biyu, zafi. In tankinka lita 60 ne cike, duk man zai zagaya ta kan inji mai zafi ya dawo fiye da sau huɗu a awa ɗaya, in kuma saura lita 10 lissafa da kanka. Na uku yana jan wuta fiye da na asali.

Ban ce 255 ba ya aiki a ƙaramin inji ba, mutane na sawa su tsira, musamman in layin komawarsu mai faɗi ne. Amma me ya yi zafi? Sa daidai da injin.

Kuma Malam Mai Hilux ko me ka sa, ka nemo gejin furesha ka auna, kar ka yi aiki da kunne. Injinka in ka zare ɗan tiyon iska daga kan regileta ka toshe shi, ya kamata ka ga psi 38 zuwa 44. Ka mayar da shi a silo allurar ta ɗan sauko. In ka zare ka mayar allura ba ta motsa ba, ko tana can sama da 50, to layin komawa ya shaƙe ko famfo ya fi ƙarfin regileta. In ka kashe inji kuma kar furesha ta zube nan take, ta jima tana riƙe.

Wani abu a gefe don masu karantawa da wasu injina: ba duka ke da layin komawa ba. Irin su 1ZZ-FE da 2AZ-FE bututu ɗaya ne ke zuwa inji, regiletarsu a cikin tanki take tare da famfo. In ka ɗora irin wannan a tsohuwar mota ka sa famfo tsirara babu regileta, furesha za ta hau iya ƙarfin famfon. Su kuma injinan LS na kamfanin GM psi 58 suke so. Kowa ya san nasa.

Mai_Hilux86:

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Baba maganar layin komawa, kunya ma nake ji in faɗa, mun haɗa shi ne da T a gaban famfon na waje, wato man da ya dawo daga inji bai ma shiga tanki, famfon yake komawa kai tsaye. Yanzu da Injiniya ya yi maganar zafi na gane abin da muka aikata.

Na fara cigiyar tankin 22R-E. Amma in ban samu ba yaron da ke taya ni ya ce shi zai iya yanka saman wannan da giranda ya yi walda ɗin akwatin a ciki, wai ya wanke da omo ya shanya kwana biyu ya isa. Ya kuke gani? Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min maganar waya cikin fetur.

Baba Makanike:

Inna lillahi. Man zafi da kumfarsa kuke ɗura wa famfo yana zagaye ɗaya, ai ma ya yi ƙoƙari da ya kusa wata biyu.

Yaron nan kuma ka karɓe girandar daga hannunsa yau ɗin nan, ba gobe ba. Tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce. Tururin fetur ba ya kama wuta sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. Tankin da ke da mai a ciki kuma a rufe, tururin ya wuce wannan nesa, iskar ba ta isa ba, shi ya sa miliyoyin motoci ke yawo da famfo a nutse cikin fetur, har man ta cikin motan famfon yake bi ta kan burushi, ba abin da ke faruwa. Tankin da aka juye aka wanke aka shanya shi ne bom. Iska ta shiga ta cika shi, sauran fetur ya maƙale a ɗinkin ƙarfe da ƙarƙashin tsatsa, da ƙarfe ya ɗumi sai ya fito ya ba ka wannan gaurayen daidai. Hancinka ba ma'auni ba ne. Na ga tankin da aka rantse an wanke, tartsatsi ɗaya ya kumbura ya zama kaman ganga, Allah ya taƙaita mai waldar gashin gira kawai ya rasa da jin kunne ɗaya na kwana biyu.

In dole sai an yi walda a kai wa wanda aikinsa kenan, masu dafa tanki da tururi ko su cika shi da gas mara kama wuta kafin su kunna. In hudar kit ce kawai, a wanke, a cika shi da ruwa har kusa da baki, a huda a hankali da man yanka a bakin, batir na nesa, a fili ba cikin ɗaki ba. Bayan nan a kwashe garin ƙarfen tas da maganaɗisu a busar sosai.

Wajen zaunar da famfon: ragar da ke gindinsa ta kwanta dab da ƙasan tanki, tana shafa kaɗan ba a danne ta ba. Ta yi sama ka bar lita da yawa da ba za ka taɓa sha ba, ta danne kuma ta toshe kanta. Bututun komawa ya sauka har ƙasa cikin akwatin amma kar ya fesa kan ragar kai tsaye, in ka bar shi yana zubowa daga sama kumfa zai yi ta tadawa. Gasket na marfi a sa na roba mai jure fetur, kar wanda ya shafa min silikon, fetur na narkar da shi ya zama majina ya toshe raga. Filta ta injekta mai jikin ƙarfe a bayan famfo, waccan ta roba mai haske ta kafireta fashewa za ta yi.

Abu Sifana:

Ni abu ɗaya zan ƙara dan shi ya ci ni. Ɗan guntun tiyon nan da ke haɗa famfo da bututun marfi a cikin tanki, wanda bai fi tsawon yatsa ba.

Na yi nawa aikin tsaf, na sayi tiyon injekta mai kyau a jikinsa an rubuta J30R9, mai sayarwar ya ce ai wannan shi ne ƙarshe. Na yanka na sa ciki da waje. Wata huɗu lafiya lau, sai mota ta fara nauyin tashi da safe, sai ta fara rasa ƙarfi a tudu, rannan ta ƙi tashi sam alhali ina jin famfo na kuka lafiyarsa ƙalau. Na canza filta, na canza fulogi, na zargi birenbos, sai da na sauke tanki na zaro marfin na ga abin mamaki, tiyon ya kumbura ya kusa ninka kaurinsa, ya yi laushi kaman cingam, bayansa na saɓulewa a hannuna, ya tsage ta gefen kilif, wato famfo na turo mai yana fesawa cikin tankin yana komawa inda ya fito. Ragar kuma ta yi baƙi ƙirin da ɓurɓushin roba.

Ashe R9 cikinsa ne kawai ke jure fetur, bayansa an yi shi ne don iska da zafi. Na nutsewa daban ne, J30R10, shi ciki da baya duk suna jurewa. Ka karanta rubutun jikin da idonka kar ka yarda da baki. R7 kuma na kafireta ne, kar ya kusanci layin furesha. In fetur ɗin da kake sha akwai etanol a ciki abin ya fi saurin faruwa. Kilif ma ka sa irin na injekta mai santsin ciki da noti, wancan mai ramuka-ramuka yana cizon roba.

Riwaya:

Sallama. Kowa ya yi maganar mai, bari in yi ta wuta, domin rabin famfunan da ake kawo min wai sun mutu yunwar wuta ce ta kashe su.

Malam Mai Hilux ina da yaƙinin naka na yanzu daga makulli aka ja masa waya kai tsaye, ka murɗa ON ya fara kuka har sai ka kashe. In haka ne ka cire. Allah ya kiyaye a yi hatsari bututu ya tsinke inji ya mutu, famfo zai ci gaba da ɗura fetur a ƙasa kai kuma kana ciki ba ka cikin hayyacin da za ka kashe makulli.

Ga yadda ake yi. Rile mai ƙafa huɗu, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, kowace ƙafa da lambarta. Waya mai kauri daga fozitif ɗin batir, fiyus na amfiya 15 kusa da batir ɗin ba can baya ba, ta shiga ƙafa 30. Daga 87 ta tafi famfo. Ƙafa 86 ta samu wutar da ke zuwa in an kunna makulli, 85 kuma ta tafi birenbos wurin da aka rubuta FC. Shi birenbos ke ba da negetif ta nan in ya ga inji na juyawa, inji ya tsaya ya yanke. In wayoyin da suka zo da injin akwai rilen famfo na asali a ciki ma ka huta, shi za ka yi amfani da shi. Kuma kar ka tsorata in ka murɗa ON ba ka ji famfo ba, Toyota da yawa na wancan lokacin ba sa tada shi sai ka kai ga sitata, ba kaman wasu motoci da ke yin daƙiƙa biyu su tsaya ba. Mutane nawa suka kwance aiki mai kyau saboda wannan.

Kaurin waya kar ya gaza murabba'in milimita 2.5, tafiyar daga gaba zuwa tanki da nisa. Bayan ka gama ka sa mita a kan marfin tanki inji na aiki, ka gwada da abin da ke kan batir, in bambancin ya wuce rabin bolt akwai inda wuta ke zubewa. Famfo a bolt 11 da famfo a bolt 13.5 ba abu ɗaya ba ne, turawarsa na faɗuwa sosai. Negetif ɗinsa a ja masa waya tasa zuwa shasi, a kankare fenti har ƙarfe ya yi haske, kar a dogara da ƙusoshin da suka riƙe tanki da tsatsar shekara da shekaru.

A cikin tanki kuwa babu salatif, babu robar nan da ake ƙonawa ta matse, duk narkewa suke. Wayar da ta zo da famfon ko mai rigar teflon, a matse kanta da kyau yadda ba za ta yi rawa ba, a ɗaure ta kar ta taɓa hannun fulot. Inda waya ke ratsa marfi ya zama irin soket ɗin da aka yi don haka, ba a huda a zura waya a cika da gam ba, nan ne wari ke fita kuma nan ne wuri mai haɗari na gaske, tunda a bakin nan tururi ke haɗuwa da iska.

In kana son ƙarin kariya akwai ɗan makunnin da Ford ta riƙa sawa a motocinta, in mota ta daki abu da ƙarfi yana yanke famfo sai an danna jan maɓallin ya dawo. Ana samunsa a tsofaffin kaya, a sa shi a layin da ke kunna rile.

Ɗan Totur:

To na ji lissafin Injiniya na sallama. Amma ni da ni ne bazan taɓa tankin ba sam, ƙaramin tanki na lita ɗaya ko biyu zan ɗaura a waje, ƙaramin famfo mara furesha na cika shi daga babban tanki, babban famfo na sha daga gindinsa, komawa ta zuba cikinsa, rara ta koma babba. Masu tsere haka suke yi ko mai ya kusa ƙarewa bata tari.

Baba Makanike:

Yana aiki, ban musa ba. Amma famfo biyu, rile biyu, mahaɗa kusan goma kowace na jiran ranar da za ta yi yoyo, ga neman inda za a ɗaura shi nesa da salansa. Motar kaya ce ba ta tsere ba.

Mai_Hilux86:

Na dawo da labari. An dace na samu tankin 22R-E da marfinsa, tsawon ya zo daidai, tiyon wuyan zuba mai kawai na canza. Akwai 'yar tsatsa a ƙasa, aka wanke aka busar, na haska na ga akwatin da Baba ke faɗa yana nan daram. Famfon da ke ciki ya daskare na jefar, na sa sabon Denso daidai girman na asali da sabuwar raga. Tiyon R10 sai da na sha yawo kafin in samu, kowa R9 yake miƙo min yana cewa ai duk ɗaya ne, na tuna Abu Sifana na ce a'a. Riwaya ka canka daidai, daga makulli aka ja wayar, har ma da ta rediyo aka haɗa ta. Yanzu ta FC take.

Na ari geji: tiyon iska a zare psi 42, a mayar 34. Na bar mai ya sauka har allura ta kusa kwanciya na je na yi ta zagaye shataletalen nan da ta kunyata ni har sau huɗu, ko gezau. Kukan ma sai na kasa kunne kusa da tanki nake ji. Abu ɗaya da ya so ya ruɗa ni, kwana biyun farko in na buɗe marfin zuba mai sai in ji ya ja iska fuuu, ashe ɗan bututun numfashin tankin ƙasa ce ta toshe shi, na busa shi ya buɗe.

Saura matsala ɗaya. Na cika tanki har baki amma allurar geji a rabi take tsayawa ba ta wucewa. Fulot ɗin da ya zo da tankin na bari ban sa nawa na da ba.

Riwaya:

Zare soket ɗin fulot ka sa mita a om, wato awon juriya. Na Toyota irin wannan in tanki ya cika wajen om 3 yake nunawa, in babu komai wajen 110. Tunda a cike kake, in ka ga 30 ko 40 to ko hannun fulot ɗin ya lanƙwashe yana tokarar wani abu a ciki, ko wayar juriyarsa ta cinye daga rabi zuwa sama. In kuma ka ga 3 ɗin, laifin negetif ne ko wayar da ke zuwa dashbod. Tsohon naka yana nan ai? Gwada shi a hannu tukuna, ka ɗaga ka sauke kana kallon allura, kafin ka sake kwance komai. Kuma ka bari man ya ragu kafin ka buɗe wurin, a cike yake zai malalo maka.